Likita Hilmi, Wanda Bai Kai Kanar Ba

A asibitin soja na garin nan namu, can yamma da Iskandariyya, idan ka ji ma'aikata sun ce Tsoho, to Likita Hilmi Shahata suke nufi. Ba tsufa ne ya ba shi sunan ba. Tun yana ɗan shekara talatin da huɗu ya same shi, ranar da ya shiga soja ya tsaya a layi ɗaya da samarin da suka fito makaranta jiya. Gajere ne mai tumbi, hular soja ba ta taɓa zama daidai a kansa ba, tafiyarsa kuma ko kusa ba ta soja ba ce. Wanda bai san shi ba zai rantse mai sayar da kifi ne ya aro kaki.

Kafin kakin, shekara goma ya yi yana likita a ƙauyukan kudu, shi kaɗai a tsakiyar gonakin rake. Ya yi maganin tsargiya da harbin kunama, ya karɓi haihuwa, ya ɗinke mutanen da injin ban ruwa ya yage. Da yaƙi ya zo ya kawo kansa. Magatakardan da ya rubuta sunansa ya tambaye shi ko yana da takardar wani digiri bayan na farko, ya ce babu, sai dai shekara goman nan. Magatakarda ya bar wurin fayau. Haka abin yake: likitan da ya zo da babban digiri ana ƙara masa shekarun aiki, a tura sunansa gaba a jerin girma, wanda ya zo da hannunsa kawai kuwa daga ƙasa zai fara. Ni dai har yau abin yana ba ni haushi, amma shi ko a jikinsa.

Wagdi Abul'ela ya iso asibitin bayan Tsoho da shekara biyu da wata bakwai. Ɗan Damanhur ne, dogo, gashi ya sha mai, yana ganin an zalunce shi da aka jefo shi inda ba sinima ba kulob. Bai gama kwance akwatinsa ba aka shigo da wani makiyayi da ya taka nakiya, irin waɗanda Turawa suka binne a yaƙinsu suka tafi suka bar mana. Wagdi ya duba ƙafar sau ɗaya ya yanke hukuncin da littafi ya koya masa, ya ja layi a cinya inda zai yanke ta.

"Kai ne sabon Basha, ɗan sarautar da aka aiko mana daga birni?" in ji Tsoho, yana wanke hannu. "Sannu da zuwa. Goge layin nan."

"Yallaɓai, ƙafar ta mutu."

"Ƙafar ta mutu, gwiwar tana nan. Da ita zai durƙusa ya yi salla, da ita zai hau jakinsa. Riƙe min nan, kuma ka daina huci kamar rago."

Awa huɗu suka yi. Wagdi ya ga abin da ba a nuna masa a makaranta ba. Yatsun mutumin nan gajeru ne masu kauri, amma cikin naman da ya dagargaje suke shiga su zaro jijiya kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa. Da suka fito Wagdi ya jingina da bango. Tsoho kuwa ya zauna a bakin ƙofa ya aika a sayo masa burodi da wake, ya ci ya suɗe yatsa. Daga ranar Wagdi bai ƙara rubuta takardar neman canjin wurin aiki ba. Tsoron mutumin ya shige shi, irin tsoron da ke tare da ƙauna, kuma bai rabu da shi ba har yau.

Shekaru suka tafi a haka. Likitoci suna zuwa su ƙirga kwanakinsu su koma Alƙahira, su biyun nan suna nan. Aka yi musu Manjo, aka yi musu Laftanar Kanar, kullum Tsoho a gaba Wagdi a baya, da tazarar nan tasu ta shekara biyu da wata bakwai. Makiyaya daga tafiyar kwana biyu suke ɗauko mutanensu, ba su san sunan asibitin ba, cewa suke yi a kai su wurin Tsoho. Suna kawo masa ɓaure da man zaitun, yana karɓa ya tura kicin a raba wa masu jinya.

Wata safiya Tsoho ya ajiye wasu takardu a gaban Wagdi, na shiga karatun babban digiri ne a jami'a. Wagdi ya ce shi da karatu kuma sai a lahira, ga mata ga 'ya'ya uku. Tsoho ya ce ba shawara ya kawo ba, umarni ne. Shekara biyar cur Wagdi yana hawa jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya kwana biyu a kowane mako, Tsoho yana riƙe masa ranakun aikinsa, yana mayar da duk abin da ba gaggawa ba zuwa ranar da zai dawo, na gaggawa kuma ya tsaya a kan ƙananan likitoci su yi.

A cikin shekarun nan ne aka fara cewa Tsoho ya zama malalaci. Ya daina tuƙa tsohuwar motarsa, ya ce tafiyar ƙasa tana rage tumbi, tumbin kuwa bai san ana yi ba. Ya daina karanta jarida da kansa, sai Samanja Mahrus, mai kula da fayil ɗin hafsoshi, ya karanta masa yana shan shayi kamar wani sarki. A ɗakin tiyata kuma wuƙar ma ya daina ɗauka. Sai ya miƙa wa Wagdi ya ce, "Kai ka yi, ni na gaji," ya zura yatsa cikin rauni yana faɗin inda za a bi. Ma'aikatan jinya suna gulma a bayan idonsa. Wagdi yakan yi musu tsawa, amma shi ma a ransa yana jin zafin abin, don ba ya son ganin gwaninsa ya saki jiki.

Wagdi ya ci jarrabawar ƙarshe ana saura mako uku kwamitin ƙarin girma ya zauna. Da takardar a jaka ya sauko daga jirgi, bai je gida ba, ya wuce ofishin Samanja Mahrus bakinsa har kunne. Samanja ya karɓi takardar da hannu biyu, ya yi masa barka, sannan ya tashi ya rufe ƙofa.

"Likita, zauna in gaya maka abin da takardar nan za ta yi. Shekara uku za a ƙara maka. Tsakaninka da Tsoho nawa ne?"

"Biyu da wata bakwai."

"To ka wuce shi da wata biyar ke nan. Kujerar Kanar a asibitin nan ɗaya ce, kuma na gaba a jeri ake ba. Wanda ƙaraminsa ya tsallake shi kuwa, ka san sauran."

Wagdi ya sani. Ba a barin hafsa ya zauna ƙarƙashin wanda ya tsallake shi, ritaya ake yi masa. Ya tambaya ko zai iya riƙe takardar sai baɗi. Samanja ya girgiza kai, ya ce digiri a shekarar da aka same shi kawai ake lissafa shi, in ba ta isa gaban kwamitin bana ba, sai dai ya sa mata gilashi ya rataye a falo baƙi su riƙa kallo.

"Shekara ashirin da shida ina kan fayil ɗin nan," in ji Samanja, "na ga wanda ya yi kuka don kwana ɗaya a jeri. Ka yi tunani da kyau."

Wagdi bai yi wani dogon tunani ba. Ya tuna Sitt Kausar, matar Tsoho, wadda tun bara take gaya wa maƙwabta cewa kafin ta mutu sai an kira ta matar Kanar. Ya tuna shekara goman da aka ƙi rubutawa. Ya ga ba zai iya ɗaukar takardar da mutum ya tsaya masa ya samu, ya kore shi da ita ba. Ya sa Samanja ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, ya kai takardar gida ya tura ƙarƙashin barguna. Washegari ya shiga ofishin Tsoho ya sunkuyar da kai ya ce ya faɗi.

Ya zaci zai sha zagi, don Tsoho ba ya rowar zagi. Amma zagin bai zo ba. Tsoho ya dafa tebur da hannu biyu, fuskarsa ta canza kamar wanda aka yi wa rasuwa, sannan ya tambaya a hankali yaushe ake sake zama. Wagdi ya ce sai bayan shekara. Tsoho ya ce, "Shekara," ya sake cewa, "Shekara." Kwanaki goma sha bakwai yana yawo a asibiti ba ya wasa da kowa. Wagdi ya ɗauka tausayinsa yake ji, har yana yi wa kansa kirari a zuci cewa ya yi abin kirki.

Abin da bai lissafa ba shi ne mahaifiyarsa. Hajiya Nabawiyya tana can Damanhur, matarsa ta gaya mata ta waya, ta kuma roƙe ta ta yi shiru. To wace uwa ce ɗanta zai yi digirin digirgir ta yi shiru? Ta yi abin da kowane gidan mutunci ke yi, ta aika ƙanensa ya sa a buga barka a jarida, a shafin da ake buga na aure da na ƙarin girma, har da hotonsa na lokacin yana da gashi.

Jarida takan iso mana da kwana biyu a baya. Ranar su uku ne a ofishin Tsoho, shi da Wagdi da Samanja, suna karin kumallo, wake da burodi da ɗanyar albasa, Samanja yana karatu kamar kullum. Ya gama labarin ƙwallo ya juya shafi, ya fara, "Iyalan marigayi Abul'ela na Damanhur suna taya ɗansu," sai ya tsaya cak, ya yi tari, ya koma kan farashin auduga.

"Me ka tsallake, Mahrus?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Tallan sabulu ne."

"Sabulun Damanhur? Koma baya ka karanta."

Samanja ya dubi Wagdi, Wagdi ya dubi kwanon wake. Rantsuwa daban, umarnin na gaba daban, Samanja kuwa soja ne. Ya miƙe tsaye ya karanta tun daga farko har zuwa addu'ar da Hajiya ta sa a ƙarshe, gumi yana zubo masa. Da ya gama ya nemi izinin fita, Tsoho ya ce ya tsaya inda yake.

"Ina takardar?"

"Tana gida, Yallaɓai."

"A ina a gidan?"

"Ƙarƙashin barguna."

"Ƙarƙashin barguna. Shekara biyar ina tura ka makaranta, ashe jaki nake turawa. Don me?"

Wagdi ya tattaro ƙarfin halinsa ya faɗa masa komai, wata biyar ɗin, da kujera ɗaya, da ritaya. Ya ce ko za a harbe shi ba zai miƙa ta ba, Kanar ɗin nan na Tsoho ne, kowa ya sani, shi kuma zai ci gaba da tsayawa a bayansa yadda ya saba. Muryarsa har tana rawa don jin daɗin maganarsa.

Tsoho ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Akwai agogo a bangon nan, ko?"

"Akwai, Yallaɓai."

"Shekara uku rabona da in san ƙarfe nawa yake cewa. Kai kanka da kake tsaye a gabana, kaki nake gani da murya, fuskarka sai dai in tuna. Jijiyar idon ce take mutuwa. Na je wurin likitoci biyu a Alƙahira da kayan gida, duk abu ɗaya suka faɗa. Tun kafin in tura ka karatu na san inda abin zai kai."

Wagdi ya ji kamar an zare masa ƙasa.

"Kana tsammani ban iya ƙirga wata biyar ba ne? Ni na fara ƙirga su, tun Mahrus bai sani ba. Da na faɗi ciwona, doka ta tilasta maka ka kai rahoto. A cire ni, a aiko da wani daga birni mai jeri a gabanka, ya zo ya ƙirga kwanakinsa, kai kuma a wurga ka wani barikin. Wa zai bar wa makiyayan nan gwiwa? Hanya ɗaya ce kujerar nan za ta zama taka, ka tsallake ni da takarda. Ranar da na ga zare ɗaya ya zama biyu na ajiye wuƙa, ban ƙara yanka ɗan kowa ba, Allah shaida ne. Na tsaya ina jiran ka zo ka tashe ni. Sai ka shigo ka ce min ka faɗi. Ka san abin da na yi ta tunani kwana goma sha bakwai? Yadda zan ƙara shekara guda ina wannan ƙarya, alhali ko matakalar asibiti sai na ƙirga."

A nan ne shekaru ukun suka dawo wa Wagdi ɗaya bayan ɗaya. Duk aikin da suka yi tare, yatsan nan da ke shiga rauni ya tsaya ya ce, "Nan, hagu kaɗan, akwai jijiya a ƙasa, kada ka taɓa," kuma kullum tana nan inda ya ce. Wagdi da idonsa biyu da fitila a kansa bai gan ta ba, mutumin da ba ya ganin agogo ya gan ta da fatar yatsa. Sau nawa? Ya fi ɗari. Shekara goma sha bakwai yana tsammani ya san girman mutumin nan, ashe gefensa kawai ya gani, kuma kunya ta rufe shi da ya tuna shi ma ya kira shi malalaci a zuci.

"Yallaɓai, me ya sa ba ka..."

"Kada ka yi min kuka a kan wake. Mahrus, kwana nawa ya rage?"

"Huɗu, ranka ya daɗe. In aka sa a jakar wasiƙu mako guda za ta yi."

"To kai ne jakar. Jirgin azahar. Basha, ruga gida ka ɗago bargunan."

Kafin ƙarfe sha ɗaya an buga takardar rakiya, wadda shugaban sashe zai sa wa hannu ya shaida cewa digirin na gaskiya ne, ya kuma nemi a gyara jeri. Samanja ya ajiye ta a tebur. Yanzu ba sauran ɓoye-ɓoye, sai ya kama hannun Tsoho ya ɗora bakin alƙalamin a kan layi. Tsoho ya sa hannu a kan takardar da za ta raba shi da kakinsa, ya tambaya ko ya karkace, Samanja ya ce ya fi na kullum kyau. Samanja ya sa ta cikin rigarsa ya tafi, bai fitar da ita ba sai a ofishin kwamiti.

Sitt Kausar ta san ciwon idon tun farko, ita ke ɗiga masa magani. Amma Kanar ɗin dai ta so shi, kuma ba ta ɓoye ba. Wata biyu ba ta amsa gaisuwar Wagdi, mijin kuma ta ce masa tun da ta aure shi ba ta ga ranar da ya san ciwon kansa ba. Ban ga laifinta ba. An yi masa ritaya yana Laftanar Kanar, bai koma kudu ba, ya zauna a ɗan gidansu na bayan kasuwar kifi. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, shida na ƙarshe ba ya bambance rana da inuwa. Makiyaya ba su daina zuwa ba, sukan miƙa masa dungulmin ƙafa ya shafa ya ce musu ko wurin yana lafiya. Ranar jana'izarsa masu sanda da ƙafar roba sun fi masu kaki yawa.

Amma idan aka tambayi Wagdi labarinsa, safiya ɗaya yake bayarwa. Saƙon ƙarin girma ya riga ya iso, an ɗaura masa aninan Kanar, Tsoho kuma ranar ce ta ƙarshe cikin kwana talatin da aka ba shi ya miƙa aiki. Aka kawo wani manomin zaitun da tarakta ta danne wa hannu. Wagdi ya shiga ɗakin tiyata ya tarar Tsoho ya riga shi, ya wanke hannu an sa masa riga. Duk shekarun nan, ko da wuƙa tana hannun Wagdi, Tsoho a dama da tebur yake tsayawa, wurin babba. Ranar ya lalubi gefen tebur da ƙugunsa, ya zagaya a hankali ya koma hagu, wurin mataimaki, ya ɗaga hannuwansa yana jira.

Wagdi ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa ɗaga ƙafa.

"Ranka ya daɗe," in ji Tsoho, "mara lafiya ya yi barci. Kai ake jira."

Wagdi ya zo ya tsaya a dama. Ya miƙa hannu aka sa masa wuƙa, amma tebur ɗin ya narke a gabansa, ba ya ganin komai sai ruwa. Numfashinsa ne ya tona shi. Tsoho ya karkata kai wajen babbar ma'aikaciyar jinya.

"Sista Afaf, goge wa Kanar idanunsa," ya ce. "Tsakaninmu shi kaɗai ke da su."